Me ya sami ɗanɗanon sitiroberi?

Ƙorafin da ake yi kan sitiroberi kusan iri ɗaya ne a duk inda ake cinsa. Ya yi girma, ya yi jawur, yana ɗaukar ido a cikin 'yar robarsa, amma da ka kai baki sai ka ji ruwa da ɗan tsami-tsami, ƙamshin nan da manya ke ba da labari babu shi babu dalilinsa. Wasu na cewa allura ake yi masa, wasu na cewa an jirkita halittarsa a ɗakin gwaji, wasu kuma na ganin begen ƙuruciya ne kawai ke sa mutum ya ɗauka komai na da ya fi daɗi. A ganina masu ƙorafin suna da gaskiya, don ruwa ba ya tsami banza, sai dai suna ɗora laifin inda ba nan yake ba. Fiye da shekara 150 ke nan masu haɗa iri da manoma suna ba kasuwa abin da take biyan kuɗi a kansa, wato nauyi da tauri da jure doguwar tafiya. Ɗanɗano ba ya hawa sikeli, mai saye kuma ba ya ɗanɗanawa sai ya biya ya isa gida.

Kafin a ce na da ya fi, ya kamata a tambaya, wane na da ɗin? Sitiroberin da ake sayarwa yau ɗan bana-bakwai ne a cikin kayan marmari. Wanda Turawa suka sani tun zamanin Rumawa na daji ne, ɗan mitsitsi da bai wuce kan yatsa ba, mai ƙamshi ƙwarai, wanda in an tsinke shi da safe kafin gobe ya fara narkewa. A 1712 Faransa ta tura wani injiniyan soja mai suna Amédée-François Frézier gaɓar Chile da Peru domin ya leƙo asirin ganuwoyin Sifaniyawa. A wajajen birnin Concepción na Chile ya tarar da wani iri mai manyan 'ya'ya masu hasken fata, wanda mutanen Mapuche suka daɗe suna nomawa. Ya dawo a 1714 da tushe biyar masu rai. Aka yi rashin dace dukansu mata ne, suna fure ba sa 'ya'yan kirki, har sai da manoman yankin Brittany na Faransa suka lura suna haihuwa idan an shuka su kusa da wasu irin, ciki har da wani da aka kawo daga gabashin Amurka ta Arewa. Daga barbarar waɗannan baƙi biyu, na Chile mai girma da na Amurka ta Arewa mai ja da ƙamshi, aka sami kakan duk sitiroberin da ke kantunan duniya. Wani matashi Bafaranshe ɗan shekara 19, Antoine Nicolas Duchesne, shi ya bayyana asalin wannan haɗi a 1766. Ke nan tun ranar farko girma aka bi, kuma an yarda a rage wani abu na ƙamshin na daji domin a samu.

Ciniki na biyu ya zo da jirgin ƙasa. A Ingila masu lambu sun fitar da irin da aka yi ta yabo saboda daɗi, kamar Keens' Seedling a 1821 da Royal Sovereign na Thomas Laxton a 1892. A Amurka irin da ya mamaye gonaki shi ne Wilson, wanda ya fito a 1851 a Albany ta jihar New York. Yana da tsami, mutanen zamanin ma sun yi ta kuka da hakan, amma yana haihuwa sosai kuma yana isa birni da siffarsa. A shekarun 1860 Parker Earle ya fara loda sitiroberi cikin akwatunan ƙanƙara daga kudancin Illinois zuwa Chicago. Daga nan tambayar da ake yi wa sabon iri ta zama kwana nawa zai yi a hanya. Saboda haka kukan lalacewar ɗanɗano ba na wannan zamani ba ne, kakannin kakanni ma sun yi shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda wannan ɗan itace ke nuna. Ayaba da mangwaro da tumatir suna ci gaba da nuna bayan an cire su. Ayaba musamman tana ɗauke da sitaci wanda ke juyewa sukari tana ajiye. Sitiroberi ba shi da wannan ajiya. Duk zaƙin da zai samu daga ganyen uwarsa yake zuwa, ta ɗan siririn karan da ke riƙe da shi, kuma da zarar an tsinke shi an rufe wannan hanya. Abin da ke yaudarar mai saye shi ne launi bai tsaya ba. Wanda aka cire da sauran fari a kafaɗarsa zai iya ƙarasa yin ja a cikin mota ko a kan kanta, alhali sukarinsa na nan yadda yake a ranar da aka cire shi, har ma yana raguwa kaɗan-kaɗan domin ɗan itacen na numfashi yana ƙona abin da ke jikinsa. Kuma kwanaki biyu ko uku na ƙarshe a jikin uwa su ne kwanakin da sukari ke hauhawa, tsami ya sauka, ƙamshi ya taru. Su ne kuma kwanakin da naman ke yin laushi. Manomin da kayansa za su yi tafiyar kilomita dubu ba zai iya jiran kwanakin nan ba, in ya jira asara ce ta tabbas.

Wanda ke son ya gani da idonsa ya sa wuƙa ya raba babban sitiroberi biyu daga sama zuwa ƙasa. Idan an cire shi da wuri, jan bai wuce fata ba. Ƙarƙashin koren ganyen akwai farin zobe mai tauri, tsakiyar fara ce, wani lokaci da ɗan rami a ciki, wuƙar kuma na fitowa kusan a bushe. Wanda ya nuna a jikin uwa, jan ya ratsa har ciki, ganyen kansa na fita da sauƙi, ruwansa na ɓata yatsa, ƙamshin kuma ya riga wuƙar isa hanci. Sau da yawa iri ɗaya ne, gona ɗaya ce, bambancin kwana uku ne kawai.

Shi kansa ɗanɗanon ba zaƙi ne kaɗai ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na sitiroberi ruwa ne, sukarin da ke cikin giram 100 kuma bai cika wuce giram 5 zuwa 7 ba, ƙasa da na inabi nesa ba kusa ba. Abin da ke sa mutum ya ji sitiroberi yake ci, hanci ne ke kawo shi. An gano sinadaran ƙamshi fiye da 350 a cikinsa, ko da yake 'yan kaɗan ne ke da ƙarfin da hanci zai kama. Akwai furaneol mai ƙamshin ƙonannen sukari, akwai linalool mai ƙamshin fure, akwai gamma-decalactone da ke ba shi ƙamshi irin na ɗan itacen nan da ake kira fic (peach), akwai kuma methyl anthranilate, wanda shi ne tambarin sitiroberin daji. Wani bincike da aka buga daga Jami'ar Florida a 2014, inda aka ba mutane nau'o'i daban-daban suka ɗanɗana, ya nuna wasu daga cikin sinadaran nan na sa a ji ɗan itacen ya fi zaƙi ko da sukarinsa bai ƙaru ba. Wato idan ƙamshi ya tafi, yana tafiya da wani kaso na zaƙin.

To yaya aka yi ƙamshin ya zube? Ba wanda ya zauna ya ce a cire shi. Mai haɗa iri yakan shuka dubban 'ya'yan barbara a shekara, ya zubar da kusan duka, ya riƙe 'yan ƙalilan, kuma yakan ɗauki shekara bakwai zuwa goma kafin iri ɗaya ya isa hannun manomi. Nauyin amfani ana auna shi da sikeli. Tauri akwai na'urar da ke danna ɗan itacen ta ba da lamba. Girma da launi ido na gani daga nesa. Ƙamshi kuwa sai an ɗanɗana, harshen mutum kuma na dakushewa bayan ya ɗanɗana 'yan gomomi a yini, ga shi ƙamshin na sauyawa daga mako zuwa mako gwargwadon rana da ruwa. Abin da ba a tace iri a kansa ba, yana iya ɓacewa ba tare da kowa ya lura ba. Abin ya ƙara wuya domin sitiroberin gona na da jerin ƙwayoyin gado ninki takwas, ba ninki biyu irin na ɗan Adam ba, don haka bin sawun hali guda daga uwa zuwa 'ya'ya aiki ne ja. Haka methyl anthranilate ya ɓace daga mafi yawan irin kasuwa. Gamma-decalactone ma wasu irin na da shi wasu babu, domin ƙwayar gado guda da ke sarrafa shi ta faɗi daga jikin wasu. Sannan yawancin irin zamani daga iyaye 'yan kaɗan suka fito, ana ta maimaita su, duk abin da iyayen nan suka rasa zuriyarsu ba ta da inda za ta samo shi.

Kalifoniya ce ta kai wannan tsari ƙarshensa. Jihar na samar da kusan kashi 90 cikin 100 na sitiroberin Amurka, kuma irin da Jami'ar Kalifoniya ta fitar sun bazu har Sifaniya da Turkiyya da Masar da Meziko. Masu haɗa iri na jami'ar, Royce Bringhurst da Victor Voth, su ne ginshiƙan aikin. A shekarun 1950 Bringhurst ya samo wani sitiroberin daji a duwatsun Wasatch na jihar Utah wanda ke fure ba tare da la'akari da tsawon yini ba, ya shigar da wannan hali cikin irin gona, aka fitar da na farko a 1979. Tsiron da a da yake haihuwa na 'yan makonni ya koma yana haihuwa wata da watanni. Tun wajajen 1960 kuma manoma suka fara turara ƙasar gona da methyl bromide haɗe da chloropicrin kafin shuka, abin da ke kashe cututtukan saiwa da ƙwari da ciyawa gaba ɗaya. Da ƙasa ta zama ba ta da cuta, masu haɗa iri suka sami sararin zuba ƙarfinsu kan yawan amfani da girma da tauri. Camarosa, irin da jami'ar ta fitar a farkon shekarun 1990, ya zama sarkin gonaki a ƙasashe da dama saboda waɗannan halaye. A Turai Elsanta na ƙasar Holan, wanda aka fitar a 1981, ya yi irin wannan sarauta a manyan kantuna. Yana da sheƙi, yana da siffa, yana jure kwanaki a firji.

Nan akwai abin da ya kamata a yi adalci a kansa. Elsanta da aka bari ya nuna a jikin uwa a tsakiyar lokacinsa ba lami ba ne. Sunansa ya ɓaci ne saboda taurinsa ya ba da damar a cire shi da wuri a kai shi nesa, aka kuwa yi hakan. Tauri ba maƙiyin daɗi ba ne a karan kansa, kodayake nama mai tauri ba ya sakin ruwa da ƙamshi a baki da sauri kamar mai laushi. Girma ma haka. Idan tushe guda ya ɗauki 'ya'ya da yawa manya-manya, sukarin da ganyensa ke iya yi ne ake rabawa tsakaninsu, sai kowa ya sami kaɗan. Amma akwai manyan da ke da zaƙi, akwai ƙananan da ba su da shi. Duk irin nan da na ambata kuwa ta barbara aka same su, fure da fure, yadda aka yi tun zamanin Duchesne. Girman da ke sa mutane zargin allura gado ne daga kakarsu ta Chile, aka yi ta zaɓensa har shekara 300.

Bayan iri da ranar tsinka, akwai hannun manomi da na yanayi. Rana mai haske da dare mai sanyi su ke tara sukari, domin ɗan itacen na nuna a hankali. Idan zafi ya yi yawa, sai ya yi ja da gaggawa kafin ya cika, shi ya sa a wurare masu ɗumi na ƙarshen kaka ba ya kai na farkonta zaƙi. Yawan ban ruwa dab da tsinka na ƙara nauyi yana tsarma ɗanɗano. Yawan takin naitirojin na sa ganye ya yi duhu ya rufe 'ya'yan, su yi laushi su yi salam. Manomin da ake biya da kilo yana da dalilin sake ruwa da taki, ba shi da dalilin ƙuntata su. Sai kuma sanyi. Ana gaggauta sanyaya sitiroberi zuwa kusan digiri 0 cikin 'yan sa'o'i bayan tsinka, don in ba haka ba furfurar fumfunar nan mai launin toka za ta cinye shi, ta fara daga ɗan tabo mai laushi kusa da ganyen, kwana ɗaya ko biyu ta kama na kusa da shi. Sanyin na ceton kayan, amma ɗan itace mai sanyi ba ya sakin ƙamshi. Wanda ya ci shi kai tsaye daga firji ya rage wa kansa wani abu da ko a wannan matakin ana iya samu in an bari ya huce.

Masu cewa begen da ne kawai, su ma ba a banza suke magana ba. Wanda ya ci sitiroberi shekara sittin da suka wuce a ƙasashe masu sanyi, ya ci shi ne cikin makonni kamar shida na farkon bazara, daga gonar da ba ta da nisa, a ranar da aka tsinke shi ko washegari. Yau yana kwatanta wannan da wanda ya saya a tsakiyar hunturu, wanda ya taso daga Huelva ta kudancin Sifaniya ko daga Maroko ya kwana uku ko huɗu a mota. Wannan ba kwatancen tsohon iri da sabon iri ba ne, kwatancen lokaci ne da rashin lokaci. Kuma ƙwaƙwalwa na riƙe mafi daɗin da aka taɓa ci, ta mance da masu tsami da ruɓaɓɓun da aka zubar a ƙasan kwando.

Tsofaffin irin ma ba don mugunta aka yi watsi da su ba. Royal Sovereign na kamuwa da cuta da sauƙi kuma amfaninsa kaɗan ne. Mieze Schindler na Jamus, wanda Otto Schindler ya fitar a 1925, har yau masu lambu na rantsuwa da ƙamshinsa, amma furensa mace ce zalla sai an shuka masa wani iri a gefe, 'ya'yan kuma suna da laushin da ba sa jure ko tafiyar yini. Ana yaɗa sitiroberi ne ta igiyar yaɗon da uwa ke miƙawa, don haka duk cutar bairos da ta kama uwa tana bin 'ya'yanta, iri ya yi ta raunana shekara bayan shekara. Tsarin samar da dashe mai tsabta ya magance wannan sosai. Idan ma'anar inganci ta haɗa da tsabta, da rashin ruɓa, da samuwa ga talaka ba mai lambu kaɗai ba, to inganci ya ƙaru ƙwarai, kuma ba na ganin wannan ƙaramin abu ne. Noma a ƙarƙashin rumfar leda, a kan teburi mai tsayin ƙugu cikin zaren ɓawon kwakwa, ya raba 'ya'yan da laka da ruwan sama, ya kuma sauƙaƙa wa masu tsinka da a da suke yini a duƙe. Abin da ya ragu shi ne daɗin matsakaicin ɗan itacen da mutum zai ɗauka a kanti a kowace rana ta shekara.

Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa kasuwa ce ke jan akalar, ita ce abin da ya faru a wuraren da aka biya kuɗi kan daɗi. A Faransa, Georgette Risser ta cibiyar binciken noma ta ƙasar ta fitar da Gariguette a 1976, dogo siriri mai ƙamshi da ɗan tsami. Amfaninsa bai kai na irin Kalifoniya da ake nomawa a Sifaniya ba, kuma manoman Faransa sun san ba za su iya gasar araha da maƙwabtansu ba, sai suka sayar da shi da sunansa, mutane suka koyi neman sunan suna biyan ƙari. A 1991 gidan Marionnet ya fitar da Mara des Bois, wanda ya dawo da ƙamshin nan na daji cikin ɗan itace mai matsakaicin girma. A Japan larduna ne ke gasa da juna, lardin Tochigi da irinsa Tochiotome na 1996, lardin Fukuoka da nasa Amaou. Ana noma su a ɗakin leda lokacin sanyi, a bar su su nuna sosai, a jera su layi ɗaya kan soso mai laushi don kada wani ya danne wani. Manya ne, masu laushi, masu zaƙi, wanda ya isa ya rushe zancen cewa babba ba ya daɗi. Tsadarsu kuma ita ce ainihin kuɗin kwanaki ukun nan na ƙarshe da tattalin da suke buƙata.

Ko a kasuwar gama-gari an sami sauyi tun daga shekarun 2000. Albion na Kalifoniya ya fi Camarosa karɓuwa a baki, Malling Centenary da cibiyar East Malling ta Ingila ta fitar a 2013 ya ture Elsanta daga kantuna da dama, manyan kantuna kuma sun fara gindaya wa masu kawo musu kaya mafi ƙarancin sukarin da za su karɓa. An kammala karanta jerin ƙwayoyin gadon sitiroberin gona a 2019, da Camarosa aka yi aikin. Yanzu mai haɗa iri na iya tsinkar ɗan ganye daga jaririn tsiro ya gwada ko yana ɗauke da ƙwayar gadon da ke ba da wani ƙamshi, tun kafin ya yi fure. Karon farko ke nan da wani ɓangare na ƙamshi ya zama abin da ake iya tantancewa cikin dubban tsirrai kamar yadda ake tantance tauri.

Sai dai damuwata ita ce jerin buƙatun ya sake tsawo a daidai wannan lokaci. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan kare lulluɓin iskar ozon da ke sararin sama ta kai ga hana methyl bromide, ƙasashe masu arziki aka ba su zuwa 2005, manoman Kalifoniya suka yi ta samun ɗagin ƙafa har 2016. Da aka janye shi, cututtukan ƙasa irin su Fusarium da Macrophomina suka taso, dole masu haɗa iri suka koma neman juriyar cutar da aka yi shekara hamsin ba a damu da ita ba. Ga ƙarancin masu tsinka, wanda ke tura manoma ga manyan 'ya'ya masu saurin cika roba, ga masu ƙera na'urar tsinka da ke son nama mai tauri da dogon kara. Ga zafin da ke ƙaruwa yana gaggauta nuna. Ga rikicin ruwa a kewayen dausayin Doñana na kudancin Sifaniya, inda gonakin Huelva ke zuƙar na ƙarƙashin ƙasa. Kowanne cikin waɗannan yana da lambar da za a rubuta a takarda da asarar da za a lissafa, kuma duk halin da aka ƙara a jerin yana rage yawan tsirran da za su tsallake da ƙamshinsu.

A ƙasashe da yawa har yau robar sitiroberi ba ta ɗauke da sunan iri, balle ranar da aka tsinke shi. Sunan kamfani ne da ƙasar da ya fito. Mai sayen da ya dace da mai daɗi a wannan mako ba shi da hanyar sake neman irinsa a mako mai zuwa, domin kamfanin na iya zuba wani iri daga wata gona cikin roba mai tambari ɗaya. Manomin da ya shuka iri mai ƙamshi, ya rage ruwa, ya jira kwana biyu, ya yi asarar wani kaso na nauyi da na ruɓa, kilonsa da na maƙwabcinsa da bai yi ko ɗaya ba kuɗi ɗaya dillali zai ba su.